Farashin Jibi

A ofishinmu na Garwa, hawa na biyu,
inda fanka ke juyawa in wuta ta ga dama,
aikina ciyar da na'ura lambobi.
Tana ci, ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba.

Na ba ta zurfin ruwan Lagdo na shekara talatin,
kuɗin litar mai a kasuwar Pitowa,
buhun albasa da sabuwarta da tsohuwarta,
da yawan kwanakin da injin niƙan Tasalla ya yi gum
a watan da Binuwai ta janye jikinta
har yara na ƙetare ta da wando a naɗe.

Sai ta zana mini layi uku.
Ja yana hawa kamar zazzaɓin dare.
Kore yana sauka, amma da tsada.
Na tsakiya shi manya ke so,
don ba ya tada kowa daga barci.

Akwai wani ɗan gurbi a kusurwar allo.
Hamajoda, shugabana, ya ce: sa biyar bisa ɗari.
Na ce, biyar ɗin me?
Ya ce, ragin da ake yi wa gaba.
Asarar jaka ɗari nan da shekara hamsin,
in ka jawo ta yau,
ba ta cika jaka tara ba.
Ya faɗa yana ɓare gyaɗa.

Matata Barmani na da cikin wata bakwai.
Wanda ke shurinta da asuba
zai cika hamsin a wannan shekarar da ake wa ragi.
Ƙishirwarsa, jaka tara.
Gonar da zafi zai ƙone masa,
an riga an taya, an sallama,
mai kaya bai iso kasuwa ba.

Kawu Nomau bai san layi ja ba.
Bijimi biyu ya sayar, ya sayo faranti huɗu na rana,
ya jingina su gabas da fadamarsa.
Ya ce mini: ta daɗe tana cin bashina,
bana ta fara biya.
Famfo na zuba tun hantsi har la'asar sakaliya,
ba hayaƙi, ba tari, ba kuɗin mai.
Albasarsa ta yi kai kamar dunƙulen hannu.
Rijiyar maƙwabcinsa kuwa, guga ya fara dawowa da laka.
Na nemi gurbin da zan rubuta wannan,
na'ura ba ta tanada ba.

Haka Jatau mai kwalaben zuwa-zuwa a bakin titi,
da kwastomominsa ke raguwa ɗaya-ɗaya.
A cikin lissafi sunansa kuɗin sauyi,
ɗigo huɗu bayan sifiri.
A waje yana da 'ya'ya uku da haya.

Ba na ƙaryata na'ura.
Abin da aka zuba a tulu shi ake sha.
Ta gaya mana gaskiya cewa rana ta fi mai araha,
cewa jinkiri ma bashi ne, kuma yana haihuwa.
Abin da ba ta sani ba,
wa ya zaɓi biyar.

Daren Laraba, bayan kowa ya watse,
na goge biyar na sa ɗaya.
Layuka suka motsa kamar an zunguri macizai.
Kore ya daina tsada.
Ɗana ya tashi daga tara ya koma sittin.
Na zauna ina kallonsa, ya yi daraja.

Kafin in adana, aka ɗauke wuta.

Na sauko bene da lalube,
na hau babur, unguwa baƙi ƙirin
in ban da kwan fitila ɗaya a rumfar mai shayi
yana ƙona ranar da ya tara tun safe.
A gida na sa kunne a cikin Barmani.
Ta ce, me kake saurare?
Na ce, ciniki muke.
Ya shure ni a kunci.
Albarka, ke nan.